Biyan 'yan wasan jami'o'in Amurka: tambayoyi da amsoshi kan kuɗi, zawarci da adalcin gasa

Wanda ya saba da ƙwallon Turai zai yi mamakin yadda Amurkawa suka ɗauki wasannin jami'a. A can, jami'a ce makarantar horon 'yan wasa, ita ce kuma ƙaramar gasar ƙwararru. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, kuma cika yake yi maƙil. Fiye da shekara ɗari yaran da ke cika waɗannan filaye ba su da izinin karɓar ko sisi ban da tallafin karatu. Daga 2021 zuwa 2025 wannan tsari ya rushe. Ga tambayoyin da masu bin lamarin suka fi yi.

Wa ya hana biyan su tun farko?

Hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasar, NCAA, wadda aka kafa a 1906, take kuma da jami'o'i da kwalejoji kimanin 1,100 a ƙarƙashinta. Hujjarta ita ce waɗannan yara ɗalibai ne, wasa kawai suke yi a gefe, don haka ladansu shi ne kuɗin makaranta da ɗakin kwana da abinci. Wanda aka kama ya karɓi wani abu daban, shi da jami'arsa sun shiga uku.

Hujjar ta daɗe tana tafiya, har kuɗin talabijin ya yi mata yawa. A 2016 tashoshin CBS da Turner suka tsawaita yarjejeniyar nuna gasar ƙwallon kwando ta watan Maris a kan dala biliyan 8.8 na shekara takwas. Rukunin jami'o'i na Big Ten ya sayar da wasanninsa a kan kimanin dala biliyan 7 na shekara bakwai daga 2023. Kocin ƙwallon Amurka (wasan da ake gudu da ƙwallo a hannu, mai kama da rugby) na Jami'ar Georgia, Kirby Smart, ya samu kwantiragin dala miliyan 13 a shekara a 2024. Kowa na ci, ban da masu karya ƙashi a fili. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To me ya sauya?

Kotu ce ta sauya shi, ba tausayin kowa ba. A 2009 Ed O'Bannon, tsohon tauraron ƙwallon kwando na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles (UCLA), ya kai ƙara bayan ya ga kamanninsa a cikin wasan bidiyo na kamfanin EA Sports ba tare da an biya shi ba. Mai shari'a Claudia Wilken ta ba shi gaskiya a 2014. A watan Satumba na 2019 Gwamna Gavin Newsom na Kalifoniya ya sa hannu kan dokar da ta ba 'yan wasan jiharsa damar yin talla da sunansu, jihohi da dama kuma suka bi sahu, don kada a kwashe musu yara.

Babban bugun ya zo ranar 21 ga Yuni, 2021. Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai tara babu ko ɗaya da ya saɓa, ta yanke hukunci a shari'ar Alston cewa NCAA ta keta dokar hana babakere a kasuwa. Hukuncin kansa ya tsaya ne kan tallafin da ya shafi karatu, amma Mai shari'a Brett Kavanaugh ya ƙara nasa bayanin, inda ya ce irin wannan tsarin kasuwanci haramun ne a kusan kowace sana'a a Amurka. NCAA ta fahimci saƙon. Ranar 1 ga Yuli, 2021 ta janye hannunta, ta bar 'yan wasa su ci moriyar sunansu da hotonsu da kamanninsu, abin da ake taƙaitawa da NIL.

Mene ne bambancin kuɗin talla da albashi?

A takarda, kuɗin talla daga kamfani yake fitowa. Caitlin Clark, lokacin tana Jami'ar Iowa, ta yi wa Nike da kamfanin inshora na State Farm talla. Livvy Dunne ta Jami'ar Jihar Louisiana (LSU), 'yar wasan tsalle-tsalle da lanƙwasa, ta tara miliyoyin mabiya a TikTok da Instagram, kamfanoni suka bi ta. Wannan talla ce ta gaskiya: kamfani ya biya, ya ga amfanin kuɗinsa.

Amma yawancin manyan kuɗin da suka shiga ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando ba daga nan suka fito ba. Attajirai masoya wata jami'a, galibi tsofaffin ɗalibanta, su ne ke kafa asusun haɗaka, su zuba kuɗi, sannan a ba ɗan wasa dala dubu ɗari uku a ce ladan sa hannu kan riguna ne ko halartar taron sadaka. Kowa ya san albashi ne aka sa masa rigar talla.

Albashi na zahiri ya zo da sulhun shari'ar House, wadda ta samo suna daga Grant House, ɗan ninƙaya na Jami'ar Arizona State. Mai shari'a Wilken ɗin dai ita ta amince da sulhun ranar 6 ga Yuni, 2025. Za a biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kimanin dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, kuma daga 1 ga Yuli, 2025 kowace jami'ar da ta shiga tsarin na iya raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kai tsaye daga asusunta.

Yaya kuɗin ya sauya zawarcin 'yan wasa?

A da, koci kan je gidan yaro ya zauna da iyayensa, ya yi maganar tarihin jami'a, da kyan ɗakin motsa jiki, da yawan waɗanda ya tura gasar ƙwararru ta NFL. Har yanzu ana yin wannan, sai dai tambayar farko ta zama: nawa ne? Kuma sau da yawa ba uban yaron ke yin ta ba, wakilinsa ne.

Da farko NCAA ta ce an yarda a yi talla, amma ba a yarda a yi amfani da ita wajen jawo yaro zuwa wata jami'a ba. Dokar ba ta hana komai ba. A 2022 aka ruwaito cewa asusun masoya Jami'ar Tennessee ya ƙulla yarjejeniyar kimanin dala miliyan 8 da Nico Iamaleava tun yana sakandare. Da NCAA ta fara bincike, jihohin Tennessee da Virginia suka maka ta a kotu, kuma a watan Fabrairu na 2024 wani alƙalin tarayya ya dakatar da dokar. Daga nan ciniki ya fito fili. A watan Nuwamba na shekarar, Bryce Underwood, wanda ake ganin ya fi kowane ɗan sakandare a shekararsa, ya fasa alƙawarin da ya yi wa LSU ya koma Michigan, kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kai dala miliyan 10 ko fiye.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne sauya sheƙa. Dā ɗan wasan da ya bar jami'arsa sai ya yi zaman shekara guda bai buga ba. A 2021 aka yafe wannan zaman ga mai sauyin farko, bayan wani hukuncin kotu na Disamba 2023 kuma aka cire iyakar gaba ɗaya. Haɗuwar biyun, wato kuɗi a buɗe da ƙofa a buɗe, ita ta sa koci yanzu yake zawarci kashi biyu kowace shekara: na yaran waje, da na yaransa da ke cikin gida don kada wani ya taya su. Manyan jami'o'i da dama sun ɗauki janar-manaja na musamman wanda aikinsa shi ne lissafin wa ya cancanci nawa.

Akwai waɗanda abin ya taɓa ba a cika maganarsu ba: matsakaitan 'yan sakandare. Kocin da kujerarsa ke rawa ya fi son ɗan shekara 22 da ya riga ya buga wasa talatin a wata jami'a a kan ɗan shekara 18 da sai an yi shekara biyu ana rainonsa.

Kenan dā babu kuɗi a zawarci?

Akwai, a ɓoye. A 1987 NCAA ta rufe ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar SMU da ke Dallas na kaka guda cur, saboda attajirai suna biyan 'yan wasa ta bayan fage. Jami'ar ta yi shekaru fiye da ashirin kafin ta farfaɗo. Reggie Bush na Jami'ar Kudancin Kalifoniya (USC) ya mayar da kyautar Heisman ta gwarzon 2005 a shekarar 2010 saboda alherin da iyalinsa suka karɓa, sai a 2024 aka dawo masa da ita. Ambulan mai kauri da mota mai sunan kawu tsofaffin labarai ne a wannan harka.

Shin masu kuɗi ba za su saye duk kofuna ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zafi, kuma a ganina mutane da yawa suna fara ta daga wurin da ba daidai ba, domin suna ɗauka cewa dā akwai daidaito. Babu. Tsakanin kakar 2009 da ta 2020, Jami'ar Alabama a ƙarƙashin Nick Saban ta ci kofin ƙasa sau shida. Lokacin da ba a biyan kowa, duk yaro mai hazaƙa wuri ɗaya yake so: inda ake cin kofi, inda ake zuwa NFL. Alabama da Georgia da Ohio State kan tara taurari har wasu su yi shekara biyu a benci, ba su da wata hanyar fita mai sauƙi. Jami'ar da ke ƙasa da su ba ta da abin da za ta taya yaro da shi.

Yanzu tana da shi. Wanda ke zaune a bencin Alabama zai iya komawa wata jami'a a ba shi riga da kuɗi. Abin da ya biyo baya ya ba mutane mamaki. A watan Oktoba na 2024 Vanderbilt, wadda aka saba lallasawa, ta doke Alabama. SMU ɗin da aka taɓa rufewa ta shiga gasar cin kofin ƙasa a kakar 2024. Texas Tech, da kuɗin attajiran man fetur irin su Cody Campbell, ta sayo 'yan wasa da dama ta ci kofin rukunin Big 12 a Disamba 2025. Mafi girma duka ita ce Indiana, jami'ar da ta yi suna wajen shan kashi a ƙwallon Amurka. Koci Curt Cignetti ya zo daga Jami'ar James Madison da yaransa da dama, ya ƙara da Fernando Mendoza daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, suka ci wasa 16 ba a doke su ba, suka ɗauki kofin ƙasa a Janairu 2026. A tsohon tsari da wuya hakan ta faru cikin shekara biyu.

Amma kada a yi saurin tafi. Ohio State ta ci kofin kakar 2024 da tawagar da daraktan wasanninta, Ross Bjork, ya ce an kashe mata kimanin dala miliyan 20. Indiana kanta a rukunin Big Ten take, tana karɓar kasonta na waccan yarjejeniyar talabijin. Abin da ya faru shi ne da'irar masu iya cin kofi ta faɗaɗa daga jami'o'i biyar ko shida zuwa wataƙila ashirin ko talatin. Duk dai masu hannu da shuni ne.

Ƙananan jami'o'i fa?

Su ne suka ji jiki. Ƙaramar jami'a kan gano yaron da kowa ya raina, ta horar da shi shekara biyu, ya fara haskawa, sai babbar jami'a ta ninka masa abin da yake samu sau goma. A ƙwallon Turai ƙungiyar da ta raini ɗan wasa tana karɓar kuɗin sayar da shi, ta nemo wani. A nan galibi ba ta samun komai.

Gasar ƙwallon kwando ta watan Maris ta yi suna ne saboda ƙananan jami'o'i kan kayar da manya. A 2023 Florida Atlantic da San Diego State sun kai zagayen kusa da na ƙarshe. A 2025 kuwa duka ƙungiyoyi 16 da suka rage daga manyan rukunai huɗu suka fito, kuma waɗanda aka ɗora a sama tun farko, wato Auburn da Duke da Florida da Houston, su suka kai zagayen huɗun ƙarshe, karo na biyu ke nan a tarihi bayan 2008. Shekara guda ba ta isa hujja ba, amma kococin ƙananan jami'o'i sun ga abin da suke tsoro.

Wasu sun fara janyewa. Jami'ar Saint Francis ta Pennsylvania ta buga gasar Maris ta 2025, kwanaki kaɗan bayan haka ta sanar da saukarta daga mataki na ɗaya na NCAA, wato mafi girma, zuwa na uku. Jami'o'in Ivy League, irin su Harvard da Yale, sun ce ba za su shiga rabon kuɗin ba sam. Abin haushi ga ƙanana shi ne, wani kaso na diyyar biliyan 2.8 ana cire shi ne daga kuɗin da NCAA ke raba musu, alhali yawancin waɗanda za su karɓi diyyar tsofaffin 'yan wasan manyan jami'o'i ne.

Ba an sa iyakar dala miliyan 20.5 ba? Hakan bai daidaita kowa ba?

Iyakar ta shafi abin da jami'a ke biya daga asusunta ne kawai. Kuɗin talla na waje ba ya ciki. Don toshe wannan ƙofa aka kafa sabuwar hukuma, College Sports Commission, da manhajar NIL Go wadda kamfanin Deloitte ke taimakawa wajen gudanarwa. Ƙa'idar da aka fara da ita a 2025 ita ce, duk yarjejeniyar da ta kai dala 600 sai an kai ta can a duba ko kasuwanci ce ta gaskiya, ko kuma farashinta ya yi daidai da kasuwa.

Tun kafin a fara, masu wayo suka riga suka biya yara kuɗin kakar 2025 kafin 1 ga Yuli, don kada tantancewar ta same su. Hukumar ta fara da cewa asusun haɗaka ba kasuwanci ba ne, lauyoyin 'yan wasa suka taso, cikin makonni ta sassauta. Sannan mafi yawan jami'o'in mataki na ɗaya ba su ma da miliyan 20.5 ɗin da za su raba. Iyakar da ƙalilan ne ke iya kaiwa ba ta daidaita kowa da kowa.

Idan an yi wa yaro alƙawari aka saɓa fa?

Ya faru, ba sau ɗaya ba. Jaden Rashada ya fasa zuwa Miami ya zaɓi Florida kan yarjejeniyar dala miliyan 13.85, kuɗin ba su fito ba, a 2024 ya kai kocin Florida da wani attajiri kotu. Matthew Sluka na Jami'ar Nevada da ke Las Vegas (UNLV) ya ajiye wasa a watan Satumba na 2024, bayan sun ci wasa uku a jere, yana cewa an yi masa alƙawarin dala 100,000 da baki ba a cika ba. Ta ɗaya ɓangaren ma ana yi: a Afrilu 2025 Iamaleava ya ƙi zuwa atisaye ana tsaka da maganar ƙarin kuɗi, Tennessee ta rabu da shi, ya koma UCLA. Jami'ar Wisconsin kuma ta kai Jami'ar Miami ƙara a Yuni 2025, tana zarginta da hure wa ɗan wasanta Xavier Lucas kunne alhali yana da kwantiragi.

Mata da ƙananan wasanni sun amfana?

Ta fuskar talla, ƙwarai. Dā 'yar wasan da ba ta da wata babbar gasar ƙwararru a gabanta takan gama jami'a lokacin da sunanta ya fi tashe ba ta samu komai ba. A 2024 Texas Tech ta ɗauko NiJaree Canady, mai jifa a ƙwallon softball, daga Stanford kan fiye da dala miliyan ɗaya, ita kuma ta kai su wasan ƙarshe na ƙasa a 2025.

Ta fuskar rabon jami'a kuwa, lissafin da yawancin manya ke bi shi ne kimanin kashi 75 cikin ɗari ga ƙwallon Amurka, 15 ga ƙwallon kwando na maza, 5 ga na mata, sauran wasanni duka su raba 5. Dokar Title IX ta 1972 ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Gwamnatin Biden ta ce a Janairu 2025 dokar ta shafi wannan rabo, gwamnatin Trump ta soke bayanin a Fabrairu. Wasu 'yan wasa mata sun ɗaukaka ƙara kan yadda aka raba diyyar.

Ɗan Najeriya ko Nijar da ya samu tallafin wasa a can zai ci wannan moriya?

Ba kamar ɗan ƙasa ba. Jami'o'in Amurka sun daɗe suna ɗaukar 'yan Najeriya: Hakeem Olajuwon a Houston, Blessing Okagbare da Tobi Amusan a Jami'ar Texas da ke El Paso (UTEP), Divine Oduduru a Texas Tech, Favour Ofili a LSU. Amma bizar ɗalibi ta F-1 ta taƙaita aikin da mutum zai yi a cikin Amurka, kuma yin talla aiki ne. Shi ya sa Oscar Tshiebwe, ɗan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo da ke buga wa Kentucky a lokacin, ya bari sai da ƙungiyarsa ta je Bahamas a 2022 sannan ya yi tallace-tallacensa a can. Wanda ke da yaro a wannan hali, kada ya bari ya sa hannu a komai kafin ofishin ɗaliban waje na jami'ar ko lauyan shige da fice ya duba. Biza idan ta lalace, har karatun ya tafi.

Su ma'aikata ne yanzu?

A doka, a'a, kuma nan ne gizo ke saƙa. NFL da NBA, gasar ƙwararru ta ƙwallon kwando, suna da iyakar albashi, da dokar sauya sheƙa, da tsarin da ke ba ƙungiyoyin da suka zo ƙarshe fifiko wajen zaɓen sababbin 'yan wasa. Kotu ba ta rushe waɗannan ba saboda ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan ce ta zauna da masu kulob aka amince da su. Jami'o'i suna son irin waɗannan dokoki ba tare da sun amsa cewa yaran ma'aikata ne ba, shi ya sa kusan duk dokar da suka kafa sai wani lauya ya kai ta kotu. 'Yan ƙwallon kwandon Dartmouth sun kaɗa ƙuri'a 13 da 2 a Maris 2024 don kafa ƙungiyar ƙwadago, suka janye a ƙarshen shekarar. NCAA ta koma neman Majalisar Dokokin Amurka ta ba ta kariya daga irin waɗannan ƙararraki. Shugaba Trump ya sa hannu kan wani umarni a Yuli 2025, amma har ƙarshen shekarar majalisar ba ta zartar da doka ba.

Karatun fa?

Ƙasa da kashi 2 cikin ɗari na 'yan wasan jami'a ne ke zama ƙwararru a manyan gasanni. Wanda ya sauya jami'a sau uku cikin shekara huɗu yakan rasa wasu darussan da ya riga ya ci, domin ba kowace jami'a ke karɓar na wata ba. Wannan damuwa ce ta gaske. Sai dai shugabannin da ke kuka da ita su ne suka mayar da USC da UCLA da Oregon da Washington, duka daga gaɓar yamma, cikin Big Ten a 2024 saboda kuɗin talabijin, ta yadda 'yar wasan ƙwallon raga daga Los Angeles kan yi tafiyar jirgi ta awa biyar zuwa New Jersey don karawa da Jami'ar Rutgers a tsakiyar zangon karatu.